Ruwa na daskarewa a ɗakin bayan motata, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Kanada. Ina kwana a ƙaramin ɗakin da ake ɗorawa a bayan akori-kura, kusa da Banff, inda sanyin dare kan kai digiri 20 ƙasa da sifili. Hitar gas tana aiki, amma fankarta na cinye batir kafin asuba, shi kuma na litiyam ne, ba a cajinsa cikin daskarewa. Da ta tsaya sai bututu ya ƙanƙare, ko ruwan alwala babu. Ga tururin numfashi yana tsiyaya a bango, katifa ta jiƙe.

In zubar da ruwan tankin in koma jarka ne, ko akwai dabarar ɗumama batirin? Don Allah wanda ya taɓa gwadawa ya taimaka.