Faifan NAS ɗina ya fara gazawa, ta ina zan fara canji?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masana kwamfuta, ina neman shawararku. Ina da NAS (akwatin ajiyar bayanai da kwamfutocin gida ke haɗuwa da shi) mai ramukan faifai 4 a gida, faifai 4 masu terabait 2 kowanne, a tsarin RAID 5, wanda ke rarraba bayanai a kan faifan su yi aiki kamar guda ɗaya. Shekara 8 ke nan suna aiki dare da rana. Makon jiya gwajin SMART, mai duba lafiyar faifai, ya nuna faifai na 3 ya fara samun gurabun da suka lalace.

Ina so in koma masu terabait 6. Na san sai an canja su ɗaya bayan ɗaya, kuma wurin ba zai ƙaru ba sai na huɗun ya shiga. Abin da ke hana ni barci shi ne RAID 5 faifai ɗaya kawai yake jure rasawa, sauran ukun kuma sa'annin juna ne. In wani ya mutu ana tsaka da sake gina bayanan a sabon faifan fa? Ga ɗauke wuta a unguwarmu, batirina ba ya wuce awa 2.

Hotunan iyalina da muryar marigayi mahaifina duk suna ciki. In kwashe komai zuwa faifan waje in gina sabo, ko in bi ɗaya-ɗaya? Kuma yaya zan gane faifan CMR daga na SMR (nau'i biyu ne da suka bambanta a yadda suke rubuta bayanai) kafin in biya kuɗi?