Mudun Litinin: musayar waƙa a kan biyayya

Baba Dattijo, Wusasa

Salama a gare ku, 'ya'yana. Da safe na karanta Yohanna 14:15, na fito na bi ta gaban tsohuwar majami'armu ta ginin ƙasa, wadda ke tsaye tun 1929, sai baitocin nan suka zo mini. Wanda ya ji ƙaiƙayi ya amsa, amma da waƙa.

Da sunan Uba na buɗe bakina,
Wanda ya yi sama, ya shimfiɗa duniya.

Ya kira Musa kan Dutsen Sina'i,
Ya ba shi alluna biyu na gaskiya.

Yesu ya ce, in kuna ƙaunata,
Ku riƙe umarnaina, ku yi biyayya.

Hali ginin ƙasa ne, tubali kan tubali,
Ba a kai shi rufi a rana ɗaya.

Wanda ya ƙi yaɓe kafin damina,
Ruwan Agusta zai ba shi kunya.

Ɗan Kwaya, Kafanchan

Baba, na gaishe ka, na rusuna,
Amma waƙarka na yi mata nazari.

Bulus ya rubuta wa Afisawa,
Ceto kyauta ne, ta wurin alheri.

Ba ladan aiki ba ne, kar wani ya yi taƙama,
Ɓarawon gicciye ya shiga ba shiri.

Farisiyawa sun haddace doka tsaf,
Har zakkar na'ana'a suna fitarwa da wuri.

Yesu ya ce da su kaburbura,
Ciki ƙasusuwa, waje an shafa fari.

To, in doka ce take gina hali,
Me ya hana su zama nagari?

Mama Mai Hatsi, Saminaka

Yaron nan ya taɓo ni. Ban taɓa faɗin wannan a bainar jama'a ba, yau zan faɗa.

Ɗana, ka iya aya, na yaba maka,
Amma zo in kai ka cikin kasuwa.

Shekara da shekaru ina awon masara,
Ni da buhuna a 'yar rumfar nan tawa.

Mudu biyu nake da su, ban gaya wa kowa ba,
Babba na saye, ƙarami na sayarwa.

Ƙaramin na kai an bubbuga gindinsa,
Ido ba ya gani, tukunya ke ganewa.

Lahadi in ɗaura ankon Zumunta,
In rungumi tulu, in buga, in taka rawa.

Litinin in koma wa ƙaramin mudu,
In an yi ƙorafi in hau rantsuwa.

Wata rana a nazarin Littafi na mata,
Aka miƙo mini, ni ce mai karantawa.

Maimaitawar Shari'a, ashirin da biyar,
Aya sha huɗu ta sauko kamar tsawa.

Kada mudu iri biyu ya zauna gidanka,
Ban kai ƙarshe ba, murya ta hau karkarwa.

Alherin nan na san shi tun ina budurwa,
An yi mini baftisma, an nutsa ni a ruwa.

Amma muduna bai ji labarinsa ba,
Sai da doka ta ɗaga yatsa tana nunawa.

A daren na jefa shi cikin masai,
Riba ta ragu, wannan ba na ɓoyewa.

Wata uku hannuna na nemansa,
In na zo awo sai ya shiga lalubawa.

Kullum in tsawata masa kamar yaro,
Yau kam ya saba da gyara da ƙarawa.

Ɗan Kwaya, Kafanchan

Mama, jikina ya yi sanyi. Ki yafe wa bakina, amma tambaya ɗaya ta tsaya mini a maƙogwaro.

Zakka na Yariko da ya sauko daga itace,
Bai tsaya a kan na daina ba.

Ya ce wanda na zalunta zan biya ninki huɗu,
Luka sha tara, ba ni na ƙirƙira ba.

Masarar mutane da ta maƙale a gindin mudu,
Ta koma gida, ko ba ta koma ba?

Mama Mai Hatsi, Saminaka

Kai, yaran zamani! Ba komai, gara ka tambaya.

Ninki huɗu ban yi ba, ba zan yi ƙarya ba,
Masu sayen sun watse, wasu sun rasu.

Gwauruwa ɗaya mai tuwon tasha na sani,
Ita da marayunta, kullum ina auna musu.

Na kai mata buhu, na faɗa mata dalili,
Ta dube ni shiru, ni na kasa duban su.

Sauran kuwa suna nan a wuyana,
In na tuna fuska, sai in tashi neman su.

Mai Bishara, Maraɗi

Gaisuwa daga ƙetaren iyaka. Mama, Ubangiji ya ƙara miki ƙarfi. Ƙanena na Kafanchan, tambayarka ta farko ba a amsa ta duka ba, bari in gwada.

Ƙanena, ka ja birki a Afisawa biyu, aya ta tara,
Ƙara taku ɗaya, ta goma na zancen aiki.

An halicce mu cikin Almasihu Yesu,
Domin ayyukan da ya shirya, na kirki.

Koma Fitowa ashirin, aya ta biyu,
Kafin kada da kada, me ya fito daga baki?

Ni ne na fisshe ku daga Masar, gidan bauta,
Sai da suka haye teku aka yi zancen tsarki.

Ba a ba bawa doka ya sayi 'yanci ba,
Ɗa aka ba, ya koyi zaman gidan Sarki.

Farisiyawan da ka kawo, zaɓe suka yi,
Sun tace sauro, raƙumi ya wuce ciki.

Sun ɗauki mai arha, wadda ido ke gani,
Adalci da jinƙai sun bar su a ɗaki.

Haka Saul ya yi ranar Amalekawa,
Ya bi rabi, ya bar Agag da garken kirki.

Ya tari Sama'ila, ya ce na cika umarni,
Annabi ya ce, to ina dalilin kukan tumaki?

Saul ya ce na hadaya ne. Annabi ya ce biyayya ta fi.
A ranar aka yage mulki kamar tsumman ɗinki.

Ƙanwarku Mai Keke, Jos

Tunda an ambaci ɗinki, dole in fito. Ku kuna ta Musa da Saul, ni dokar da ke kayar da ni 'yar ƙarama ce: Matiyu 5:37, i ɗinku ya zama i, a'a kuma a'a.

Disamba in ta kama, ku yi mini addu'a,
Atamfa ta kai rufi a shagona.

Na san keke ɗaya ne, hannu biyu ne,
Amma ki kawo, ki kawo, shi ne a bakina.

Ki dawo gobe, na ce da wata baiwar Allah,
Goben nan sai da ta yi sati uku da kwana.

Ranar Kirsimeti ta zo sujada da tsohon zane,
Ta zauna a benci ɗaya da ni, tana kallona.

Bana na ƙirga abin da zan iya, na rufe littafi,
Mutum goma na mayar, suna ta zagina.

Baba, wannan ma tubali ne, ko ɓaraguzai?
Don har yanzu kuɗin da na ƙi suna cizona.

Baba Dattijo, Wusasa

'Yata, tubali ne, ɗanye dai tukuna,
Bar shi a rana, kar ki taka shi da gardama.

Cizon da kike ji, ni ma na san shi,
Furfura ba ta hana zuciya yin hamma.

Ɗana na Kafanchan, na ga ka yi shiru,
Kwaya ta tashi ne, ko baiti ya ƙi kama?

Ɗan Kwaya, Kafanchan

Baba, ba baiti ne ya ƙi ba. Na tambayi Mama zancen Zakka, sai na tuna yaron da ya yi mini huɗa a gonar citta tun farkon damina, har yau rabin kuɗinsa na hannuna. Littafin Firistoci 19:13 ya ce kada hakkin ɗan ƙodago ya kwana wurinka har safiya, nawa ya kwana wata huɗu.

Na zo da aya in kama dattijo,
Ayar ta juyo ta kama rigata.

Na rufe waya, zan hau mashin yanzu,
Kafin yaron ya tafi kasuwar Talata.

Mama Mai Hatsi, Saminaka

Sauka lafiya, ɗana, ka haɗa masa da ban haƙuri,
Ka ɗora ɗan wani abu a kai, ko na sabulu ne.

In hanya ta kawo ka Saminaka bayan girbi,
Zo da mudun gidanku, ka gwada nawa ka gani ko cikakke ne.