Babban yarona a gareji ya faɗa shan goskolo, in sallame shi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da garejin gyaran mota a Bukuru. Babban yarona, wanda ke riƙe wurin in ba na nan, ya faɗa shan goskolo, wata giya mai ƙarfi da ake haɗawa a gida. Ran Litinin sai azahar yake zuwa, hannu na rawa, sai ya zagaya baya ya kurɓa sannan ya iya riƙe sifana. Makon jiya ya ɗaura wa wata motar haya mai zuwa Abuja taya, noti biyu bai matse ba. Allah Ya sa direban ya ji ƙara tun kafin Hawan Kibo. Masu kawo aiki sun fara janyewa. Ga iyali yana da su, kuma mahaifinsa amana ya ba ni shi. Yaya zan yi?

Wani direba: Maigida, amanar mahaifinsa kake dubawa, ta fasinja fa? Daga yau kada ya sake taɓa birki ko taya. Ni da motata ce, da ba a nan muke maganar ba.

Wata ma'aikaciyar jinya: Alhaji, rawar hannun nan da sai ya sha take tsayawa alama ce jikinsa ya riga ya dogara da giyar. Don Allah kada ku kulle shi a ɗaki ku ce ya daina rana ɗaya. Mai irin wannan hali in ya yanke kwatsam yana iya jijjiga kamar mai farfaɗiya cikin kwana 2 na farko, wani ya rikice yana gane-gane wajen kwana na 3, har a rasa rai. Ku kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) a Lamingo, a raba shi da ita da magani. Ba sai mahaukaci ake kaiwa can ba, mu dai Hausawa sunan wurin ne ke tsorata mu.

Wani ma'aikacin gwamnati: Ko a aikin gwamnati maye laifi ne a rubuce, amma takardar neman bahasi ake fara ba mutum kafin kora. Ka zaunar da shi gaban mahaifinsa, ka gindaya sharaɗi: asibiti ko sallama.

Wata baiwar Allah: Kuɗin satinsa fa? Ranar Asabar ka riƙa damƙa wa matarsa kaso mafi tsoka, da saninsa. In ka kore shi yau, mai goskolo ba zai rasa ciniki ba, ita ce za ta rasa na cefane.

Mai tambaya: Na gode. Na mayar da shi wankin kabireto da canjin mai. Asibitin ne ya ƙi zuwa, ya ce shi ba mahaukaci ba ne. Wa ya taɓa shawo kan irinsa?