Shin The Twilight Zone ne ya fara kawo labaran ban tsoro da almarar kimiyya a talabijin?

Malam Sani: Ra'ayina shi ne shirin The Twilight Zone, wanda tashar CBS ta Amurka ta fara nunawa ranar 2 ga Oktoba 1959, shi ne ya buɗe ƙofar wannan salo, wato kowane mako a kawo labari sabo da 'yan wasa daban, wani na ban tsoro, wani na almarar kimiyya. An yi kashi 156 kafin a tsayar da shi a 1964, kuma Rod Serling, wanda ya ƙirƙiro shirin, shi kaɗai ya rubuta 92 daga ciki.

Hajiya Binta: Malam Sani, ka yi haƙuri, tarihi bai goyi bayanka ba. Lights Out ya fara a rediyo tun 1934, tashar NBC kuma ta riƙa nuna shi a talabijin daga 1949 zuwa 1952, sannan ga Tales of Tomorrow da ABC ta nuna daga 1951 zuwa 1953. Abin da ya sa aka manta da su shi ne kai tsaye ake watsa su yayin da ake wasan, kwafin da ya rage kuma an samo shi ne ta hanyar ɗora kyamara a gaban allon talabijin, shi ya sa hoton yake dishi-dishi. Shirin Serling kuwa a fim aka ɗauki kusan dukkansa, don haka tashoshi suka yi ta maimaita shi shekara da shekaru har mutane suka ɗauka babu wanda ya riga shi.

Malam Sani: Na karɓi gyara a kan shekaru, Hajiya, amma ban yarda cewa ingancin hoto kaɗai ya bambanta su ba.

Baba Idrisu: A nan ina tare da Sani, sai dai dalilina daban ne. A 1955 aka kashe wani yaro baƙar fata, Emmett Till, a jihar Misisipi, kotu kuma ta sallami waɗanda ake tuhuma. Serling ya rubuta wasa a kan lamarin, amma masu ɗaukar nauyin shirin da kuɗin talla suka ji tsoron rasa masu saye a kudancin ƙasar, suka sa aka sauya wurin da mutanen har labarin ya fita daga kamanninsa. Ya sake gwadawa a 1958, aka mayar masa da labarin wani ƙauye na ƙarni na 19. Daga nan ya gane cewa maganar da ɗan talla zai hana a faɗa a fili, ba zai kula ba idan aka sa ta a bakin halittar wata duniya. Ku duba kashin The Monsters Are Due on Maple Street na 1960: wuta ta ɗauke a wata unguwa, maƙwabta suka shiga zargin juna har aka harbe ɗayansu, alhali baƙin da suka ɗauke wutar suna can gefe suna kallo. Wanda ya ga zamanin Sanata McCarthy, lokacin da ake farautar mutane da sunan kwaminisanci, ya san da wa ake.

Aisha: Baba, da girmanka, ina ganin ana ɗora wa shirin wa'azi fiye da wanda yake ɗauke da shi. A kashin Time Enough at Last, ma'aikacin banki mai son karatu ya tsira daga bam ɗin nukiliya, ya tara littattafai a gabansa, sai tabaransa ya faɗi ya fashe. Wane laifi ya yi da za a ce hukunci ne? Tsantsar rashin tausayi ne, irin wanda tsofaffin shirye-shiryen da Hajiya ta ambata suka saba da shi. Kuma kada a manta da Richard Matheson da Charles Beaumont, waɗanda suka rubuta da dama daga cikin kashin da suka fi tayar da tsikar jiki, ba tare da wata siyasa ba.

Baba Idrisu: 'Yata, Serling, mutumin da ya yi yaƙi a Filifin a matsayin sojan laima, ya kuma mayar da wannan gajeren labari na Lynn Venable wasan talabijin a 1959, lokacin da ake koya wa yara a makarantun Amurka su ɓuya ƙarƙashin tebur saboda bam, ba na jin tabarau ne kawai a ransa.

Aisha: To, Baba, me ya sa bam ɗin ya ƙyale mutumin, tabarau ya gama da shi?