Wanda ya saurari littafi, ya karanta shi?

Malam Habu: Salamu alaikum jama'a. Ina da magana, kuma na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Na duba abin da aka kawo na karatun wannan mako a zaurenmu na masu karatun littattafai, sai na ga da yawa ba karanta su aka yi ba, saurara aka yi. Mutum ya sa abu a kunne yana tuƙi ko yana aikin gida, wani yana karanta masa, ƙarshen mako ya zo ya ce ya gama littafi kaza. Ni a wurina bai gama ba, an dai karanta masa. Ba na hana kowa sauraro, amma a kira abu da sunansa.

Sani Direba: Wa alaikumus salam. Malam, da ka ambaci sunana kawai, ba sai an yi zagaye ba.

Malam Habu: Ba kai kaɗai ba ne, Sani, kuna da yawa.

Maman Biyu: Har da ni ke nan. Malam, wannan hannu jariri, wancan hannu ɗan'uwansa. Da wanne zan buɗe shafi?

Sani Direba: Bari in faɗi nawa. Ina kan hanya tun asuba, wani lokaci har dare. Kafin in fara sauraro, shekara takan zagayo ban taɓa littafi ba, don in na dawo na buɗe shafi, kafin in kai ƙarshensa barci ya kwashe ni. Littafin tarihin da na kawo makon jiya, wanda kai da kanka ka ce bayanin ya yi ma'ana, a kunne na ji shi. Lokacin da ba ka san ta inda ya shiga ba ka yaba. To me ya canza yanzu?

Malam Habu: Na yaba, kuma ban janye ba. Amma labari ka ba mu, wane ya yi kaza, sai kaza ya biyo baya, shi kuwa labari kunne yana riƙe shi. Abin da nake kira karatu daban ne. Ina cikin babi na tara marubuci ya faɗi wata magana, sai zuciyata ta ce anya ba akasin wannan ya faɗa a baya ba? Sai in sa yatsa a inda nake, in koma babi na biyu in lalubo wurin, in riƙe shafukan biyu ina duba wannan ina duba wancan. Wani lokaci fahimtata ce ta gaza, wani lokaci kuwa na kama shi dumu-dumu, sai in ɗauki fensir in rubuta a gefe. Kai da kake bayan babbar mota kana neman wucewa, ta yaya za ka yi wannan? Muryar ba ta jiran kowa. Gani ya kori ji.

Sani Direba: Akwai madannin da ke mayar da mutum baya daƙiƙa 30.

Malam Habu: Daƙiƙa 30 ba babi bakwai ba ne.

Bilkisu: Malam, a yi mini afuwa in shigo, don wannan ya shafi aikina na koyar da yara. Tun 1986 wasu masana biyu, Gough da Tunmer, suka raba karatu gida biyu: iya mayar da haruffa kalmomi, da kuma fahimtar abin da kalmomin ke cewa. Yaron da yake koyo, in ka ba shi sauraro a madadin takarda ka cuce shi, don ɓangaren farko bai zauna masa ba. A nan ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Amma babba kamar Yaya Sani ya wuce wannan mataki tuni, haɗa baƙi ba ya ba shi wahala, abin da ya rage fahimta ce. A 2019 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun sa mutane a na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka saurari labarai, suka kuma karanta waɗannan labaran a rubuce. Wuraren da ma'anar kalmomi ke motsawa a ƙwaƙwalwa kusan iri ɗaya suka fito.

Sani Direba: Allah ya yi miki albarka, ƙanwata.

Bilkisu: Amin, amma kar ka yi saurin murna. Mutum tara ne kacal a binciken, kuma gajerun labarai ne, suna kwance ba sa yin komai sai sauraro. Ba wanda yake tuƙi. Sannan abin da Malam ya faɗa na komawa baya gaskiya ne fiye da yadda shi ma yake zato: masu nazarin motsin ido sun nuna kusan kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na tsallen da ido ke yi a kan layi komawa baya ne, mai karatu bai ma san yana yi ba. Kunne ba shi da wannan. Shi ya sa ni ƙagaggen labari nake saurara, amma duk littafin da ke da jadawali ko taswira ko lissafi, sai takarda.

Auta: Ni tambayata, wa ya ce karatun shiru shi ne asali? Augustine, wani malamin Kirista na zamanin da, ya rubuta yadda ya iske Ambrose, babban limamin coci na birnin Milan, yana karatu idonsa na bin shafi bakinsa a rufe, har ya zauna yana neman dalilin da ya sa yake haka. Wannan a ƙarni na 4 ne. Kafin shi da ɗaruruwan shekaru Plato, masanin falsafa na Girka, ya kawo malaminsa Socrates yana kukan cewa rubutu zai kashe hadda, mutane su dogara da takarda su daina riƙe abu a ka. Wato da Malam ya zo a wancan zamani, shi ne ɗan zamanin da dattawa za su yi wa faɗa.

Malam Habu: Auta, jarrabawar da ke gabanka, a kunne kake shirya ta?

Auta: A'a.

Malam Habu: To.

Bilkisu: Kuma labarin Ambrose ɗin nan masana tarihi ba su haɗu a kansa ba, wasu na ganin karatun shiru ba baƙon abu ba ne ko a lokacin. Kada a ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa.

Ustaz Nura: Na so in yi shiru, amma karin maganar da Malam ya kawo ba ta bar ni ba. Malam, a ilimin hadisi ji ne ya kori gani. Ibnus Salah, wanda ya rasu a shekara ta 643 bayan hijira, ya jero hanyoyi 8 na karɓar hadisi. Ta farko, wadda mafi yawan malamai suka fifita, ita ce sama'u, ka ji daga bakin malami. Ta biyu ka karanta masa yana saurare, ko wani ya karanta kana zaune kana ji, kuma an san haka ɗalibai suka riƙa karɓar Muwaɗɗa a gaban Imamu Malik. Ta ƙarshe a jerin ita ce wijada, wato ka tsinci littafi da rubutun wani ka karanta kai kaɗai. Abin da muke yi ke nan yau muna tinƙaho. Dalilinsu a fili yake: takarda ba ta gyara maka in ka karanta ba daidai ba, musamman rubutun da babu wasali, ɗigo ɗaya ya ɓace sunan mutum ya koma na wani.

Sani Direba: Ustaz, yau kam ka biya ni.

Malam Habu: Ustaz, ka kawo rabi ka bar rabi. Wancan sauraro ɗalibi yana zaune gaban malami, sau da yawa da kwafinsa a hannu yana bi yana gyarawa, in bai gane ba ya tambaya, a ƙarshe a rubuta sunayen waɗanda suka halarta. Kuma a wannan littafin da ka ambata an tattauna ko sauraron mutumin da yake kwafar rubutu lokacin da ake karatu ya inganta, malamai suka saɓa, wasu suka ce bai inganta ba. Wanda alƙalami ne kawai ya raba masa hankali ke nan. Me kake jin za su ce da wanda yake kauce wa rami a titi?

Ustaz Nura: Haka ne, an tattauna. Amma lura, abin da suka yi saɓani a kai halartar zuciya ce. Ba wanda ya ce kunne ba ƙofar ilimi ba ne.

Hajiya Ladi: Habu, ni yayarka ce a shekaru, don haka ka saurare ni, ko shi ma sai na rubuto maka a takarda? Idona ya yi rauni, ƙananan baƙi sun fi ƙarfina ko da tabarau. Na yi shekaru ina karatu kafin a haifi wasu a cikinku. Yanzu jikata take saka mini littafi a waya, in zauna a kujera in rufe ido, ba na komai sai ji. In magana ta tsaya mini a rai sai in dakatar, in juya ta, in ce a mayar da ni. Kana nufin ranar da idona ya gaza na fita daga sahun masu karatu? Ɗaha Husain na Masar tun yana ƙaramin yaro ya makance, karanta masa ake yi, ya yi digirin digirgir a Alƙahira a 1914, ya sake yin wani a Faransa, ya zama ministan ilimi a 1950. Aliyu Namangi makaho ne, ga Imfiraji nan ana nazarinta a jami'o'i. Su ma ba su yi karatu ba?

Malam Habu: Allah ya ƙara lafiya, Hajiya, wane ni. Lalura daban take. Shi kansa littafin sauraro don marasa gani aka fara shi, a Amurka da Ingila cikin shekarun 1930, a kan faifai.

Hajiya Ladi: Lalura tana ba da uzuri, amma ba ta canza abin da ya shiga kai. In abin da nake yi karatu ne, to sauraro yana iya zama karatu, magana ta ƙare. Sai dai ka ce Sani ba ya natsuwa, wannan kuma wata shari'ar ce daban. Kuma na sha ganin mai riƙe da littafi, ido na kan layi, ya kai ƙasan shafi bai san me ya wuce ba, hankali ya tafi wani wuri. Shi ba ka taɓa tuhumarsa ba saboda ka ga takarda a hannunsa.

Maman Biyu: Ni da ake karewa, bari in faɗi abin da ke damuna da sauraron, don ba wanda ya taɓo shi. Mai karantawa yana shiga tsakanina da marubuci. Akwai wata mata a labarin da na gama kwanan nan, ya ba ta wata murya mai rauni kamar kullum kuka take shirin yi, na tsane ta tun daga farko. Da na yi hira da wadda ta karanta a takarda, ita jaruma ta gani, mai magana a dake. Kalmomi ɗaya, mata biyu. Sannan in na zo kawo muku jimlar da ta burge ni, ba ni da shafin da zan nuna, sai in yi ta jan layin nan gaba da baya ina nema. Sunayen mutanen ciki ma ban san yadda ake rubuta su ba, in littafin na wata ƙasa ne sai dai in kwatanta.

Malam Habu: Kin ga abin da nake faɗa.

Maman Biyu: A'a Malam, ban ce ban karanta ba. Na ce akwai abin da na rasa. Kai ma akwai abin da ka rasa in waƙa ka bi da ido kawai ba ka ji an rera ta ba.

Bilkisu: Ni abin da ya fi ba ni tsoro masu ƙara gudun murya ne. Ana karanta littafin sauraro na Turanci da kalma 150 zuwa 160 a minti, mai karatun shiru kuwa yakan yi kusan 240, don haka ƙara gudu kaɗan ba laifi ba ne. Amma wanda ya ninka har murya ta koma kamar ana kora ta, don kawai ƙarshen mako ya ce ya gama uku, wannan lissafi yake yi. Kuma masu takarda ma suna yi, su tsallake rabi su ɗauki hoton bango.

Ustaz Nura: To a daina tambayar ta ina ya shiga. Duk wanda ya kawo littafi ya kawo wuri ɗaya da bai yarda da marubucin ba, da dalilinsa.

Sani Direba: Na yarda, in dai har da Malam za a yi wa wannan tambaya.

Malam Habu: Ni gefen shafukana cike suke, ku zo ku duba. Amma ina nan a kan bakata, a riƙa rubuta "na saurara" in saurara aka yi. Mene ne abin kunya a ciki?

Hajiya Ladi: Ni "na karanta" zan rubuta, ka zo ka goge.

Auta: Tambaya ɗaya. Ni akwai manhajar da nake zuba wa littafi, muryar na'ura ta karanta mini, ba mutum ba. Ita fa?

Sani Direba: A'a, wannan kuma ban yarda ba. Ba ta san inda ake tsayawa ba, tambaya da zagi duk murya ɗaya take ba su. Wannan ba karatu ba ne.

Malam Habu: Sannu da zuwa, Sani. Matso kusa, akwai wuri.

Maman Biyu: Ni kuwa ita ce ba za ta ɓata mini waccan matar ba. Auta, turo mini sunan manhajar.