Na kunna strict, kamfaila ta hana ni sakat

Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Wani aikin TypeScript (yaren rubuta manhaja da ake juyawa zuwa JavaScript) aka damƙa min, jiya na kunna `strict`, wato tsarin tsaurara binciken kurakurai, a fayil ɗin saituna tsconfig.json, sai ga jan layi ko'ina. Yawanci a kan faramitar da ba dole sai an ba da ita ba ne. Misali akwai `sakeGwadawa(aiki, jinkiri?: number)`, a ciki an rubuta `jinkiri * 2`. Kamfaila, wato manhajar da ke duba kod ɗin ta juya shi, ta ce sam, wai jinkiri zai iya zama `undefined`, ma'ana ba a ba shi komai ba. Alhali kod ɗin ya daɗe yana aiki. In kashe strict ɗin ne, ko in bi su da alamar `!` in huta?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, kar ka kashe. Gaskiya kamfailar ta faɗa maka. Alamar tambayar nan ta `jinkiri?` ma'anarta `number | undefined`, wato ko lamba ko babu. Duk wanda ya kira fankishin ɗin bai ba da jinkiri ba, lissafin zai fito `NaN`, wato ba lamba ba, shi kuma `setTimeout`, mai sa a jira kafin a yi aiki, in ya ga haka nan take yake tashi. Ke nan maimakon a dakata kafin a sake gwadawa, sabar ce ke shan bugu ba ƙaƙƙautawa. Ba lafiya yake aiki ba, ba ku lura ba ne kawai.

Amsa: Cire `?` ɗin, ka rubuta `jinkiri = 1000`. Mai kira zai iya tsallake ta, a ciki kuma lamba ce tsantsa. Amma `undefined` kaɗai wannan ke tarewa. In `null` (wata alamar babu) ya zo daga JSON, wato tsarin da ake aiko bayanai da shi, wucewa zai yi abinsa.

Amsa: Ɗan'uwa, ko me za ka yi, ka guji `jinkiri || 1000`. Ni ya taɓa ci na: na ba da 0 don kada a jira, `||` ya ɗauki sifirin kamar babu, ya mayar da shi 1000. Wuni guda na yi ina nema. `??` ake sawa, shi `null` da `undefined` kaɗai yake ɗauka a matsayin babu, tun sigar TypeScript 3.7 ta 2019 yana nan. Shi kuwa `!` ɗin da kake zance, rufe wa kamfaila baki ne kawai, ba ya ma zuwa cikin JavaScript ɗin da za a fitar.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. Na gyara wannan da `= 1000`, na duba kuma wurare uku ne ke kiran sa babu jinkiri. Saura sauran fayilolin.