"Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya": wace ranar ake nufi?

Ɗalibin Halittu: Salamu alaikum. Jiya na kawo wannan karin magana a aji, aka yi mini dariya. Muna karatu ne kan hamsta, wani ɗan uwan ɓera na ƙasar Siriya. Namijin ya fi lura da tsawon yini a kan sanyi ko zafi, shi yake aunawa. Da hasken yini ya gaza awa 12 da rabi, sai marainansa su fara motsewa, maniyyi ya ƙafe, ya daina neman mace. Masu bincike Gaston da Menaker ne suka auna wannan iyaka a 1967. Na ce ai rana ba ta ƙarya ke nan. Na yi kuskure?

Baba Dattijo: Ka yi, ɗana. Ranar nan ba ta sama ba ce, ranar da aka sa ce. Wa'adi ake nufi: zai zo ko an shirya ko ba a shirya ba, wadda ta yi sakaci ita ke jin kunya. Ina ruwan ɓera?

Uwar Biyu: Baba, a yi mini afuwa, ni ina ganin yaron bai yi nisa ba. Ɗumi kan zo a tsakiyar hunturu ya ruɗi dabba ta haihu, sanyi ya dawo ya kashe 'ya'yan. Tsawon yini kuwa, na bana shi ne na bara. Dabbar ma wa'adi take lissafi.

Malamar Kimiyya: To ni gyarana daban ne. Dare hamstan yake aunawa, ba yini ba. Akwai ɗan ƙulli a ƙwaƙwalwa mai fitar da sinadarin melatonin cikin duhu kaɗai. Dare ya yi tsawo, sinadarin ya daɗe a jini, jiki ya gane hunturu na tafe. Masu bincike Hoffman da Reiter sun cire wa hamsta ƙullin a 1965, maraina suka ƙi motsewa duk da gajeren yini. Kuma a ɗakin gwaji ana yi masa ƙarya sarai: kunna fitila na ɗan lokaci a tsakiyar dare, sai jikinsa ya ɗauka yini dogo ne.

Baba Dattijo: To fitila ce ta yi ƙarya, Malama, ba rana ba!

Malamar Kimiyya: Na sallama, Baba. Amma ga wani abin: ko an ci gaba da tsare shi a gajeren yini, bayan wata huɗu zuwa biyar marainan kan dawo da kansu. Haka a daji, yana cikin rami bai ga haske ba, amma ya shirya kafin hunturu ya fita.

Baba Dattijo: Yauwa, nan ne karin ya zauna. Wannan uwar ɗiyar ba za ta ji kunya ba.

Uwar Biyu: Ɓeran gida fa? Shi kam ban ga yana hutu ba.

Malamar Kimiyya: Ba ruwansa da tsawon dare, Yaya. In dai akwai abinci, duk shekara haihuwa ake yi.